Gidan da Na Auna da Takun Kaka

Tun kuna yara nake jin kuna yi wa gidanmu na Jega dariya, yanzu kuma na ji 'ya'yanku sun karɓa. Kuna cewa wane irin magini ne zai karkatar da katanga don ta kauce wa abin da babu shi, ya kuma gina matakala biyu a filin da yake a shimfiɗe kamar faifai. Duk baƙon da ya tambaya sai ku ce ai aikin Audu Dogo ne, ƙafafunsa ne suka yi masa yawa ya auna gida da su. To, Audu Dogo ya daɗe a kabari, kuma bawan Allahn nan bai yi kuskuren ko taƙi ɗaya ba. Ni ce na yi. Na yi shiru shekara da shekaru saboda an roƙe ni in yi shiru, amma waɗanda shirun yake rufa wa asiri duk sun riga mu gidan gaskiya, shi ya sa na ɗauki biro.

Gidan na asali yana Zongon Kumasi, a gangaren da ke bayan masallacin unguwarmu. Kakan Babana ne ya gina shi, falke ne mai safarar goro, kuma a ƙofar gidan aka sauke 'yarsa daga kan jaki tana da shekara shida. Ita ce Kaka Tasalla, mahaifiyar Baba. Ta yi aure ta fita, mijin ya rasu Baba yana goye, ta dawo ɗakinta na ƙuruciya ba ta sake barinsa ba. Lokacin da na yi wayo idanunta sun riga sun tafi, amma baƙo sai ya wuni a gidan bai gane ba. Ba ta riƙe sanda, ba ta yarda a ja ta. Daga bakin ƙofarta taku shida gabas, ta juya, taku huɗu arewa, hannunta yana kan murfin randa. Ta hau matakala biyu, ta bi katangar da ta karkace saboda kwatar maƙwabta, ta isa bayan gida ita kaɗai da butarta. Kullum da hantsi tana ƙofar gida a kan 'yar kujerarta, tana amsa gaisuwar masu wucewa da Hausa da yaren Asante, tana gane kowa da ƙarar takalminsa. Ranar da wani ya manta bokiti a kan hanyarta kuwa, ranar babu mai shan ruwa da daɗi a gidan. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, Zainabu, don haka ba ta taɓa kama sunana ba. Kowa yana ce mini Abu, ita kuma Uwata take ce mini, ko da zagina za ta yi.

A shekarar da nake ba ku labari ina da shekara sha shida, ina ajin ƙarshe na makarantar midil, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Muna da wani ticha mai son lissafi kamar ransa. Shi ya raba mana takarda mai gida-gida, ya ce kowa ya zaɓi ɗigo ɗaya ya mayar da shi cibiya, ya ja layi ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye, su ratsa ta kansa. Daga nan kowace kusurwa ta zanenka tana da lamba biyu: gida nawa ta yi gefe, gida nawa ta yi sama. In kana son zanen ya girma, sai ka ninka lambobin duka da lamba guda. Siffar ba za ta canza ba, girma kawai za ta yi. Abin da ke kusa da cibiya ya matsa kaɗan, abin da ke nesa ya ƙara nisa sosai, cibiyar ce kaɗai take zama inda take. Na iya abin nan har ticha yana kirana gaban allo in nuna wa maza. Ban san cewa abin da zai kai ni ya baro ni ke nan ba.

Wajen ƙarshen 1969 aka faɗa a rediyo cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin sati biyu. Da farko mun ɗauka ba da mu ake ba. Baba a Kumasi aka yanke masa cibiya, yana da rumfar kayan gyaran mota a Magazin, unguwar makanikai, bai taɓa ganin Nijeriya ba ko a mafarki. Amma wa ya rubuta haihuwarsa? Babu takarda ko ɗaya. Muna kallo Zongo ta fara zubewa: yau wannan gida ya ɗaure kaya, gobe wancan, ana sayar da gado da keken ɗinki a bakin titi kamar ana zubarwa. Da aka kama wani abokinsa a hanyar kasuwa aka tafi da shi, Baba ya dawo gida da rana tsaka ya ce wa Mma, mahaifiyata, ta fara haɗa kaya. Kowa ya yi kuka ya kama aiki, ban da Kaka. Baba ɗan farinta ne, ba ta yi masa magana kai tsaye, sai ta bakin wani. Yana durƙushe a gabanta ta juyo wajena.

"Uwata, gaya wa mutumin nan ya ɗauki iyalinsa ya tafi. Ni a nan ina da ido. Can kuwa makauniya zai kai musu, a riƙa ja na zuwa bayan gida kamar akuya."

Mame Afuwa, 'yar Asanten da ke haya a ɗakin ƙofa tana soya ayaba, ta sa baki da irin Hausarta.

"Baban Abu, bar tsofuwa ya zauna. Ni zan duba shi. Wane soja zai taɓa shi? Shi ya riga soja zuwa Kumasi."

Baba ya ce, "Mame, na gode. Amma ba zan tsallaka iyaka in bar uwata a baya ba. In ta zauna na zauna, su zo su ɗaure ni a gabanta."

Kwana biyu aka yi a haka, shi bai ci abinci ba, ita ba ta sauko ba, kwanakin kuma suna ta ƙarewa. A rana ta uku na zauna a dokin ƙofarta da jakar makarantata, abin ya faɗo mini. Na ce mata zan iya ɗaukar gidan nan mu tafi da shi. Ta ce in tashi in ba ta wuri, ba ta son shashanci. Na kama yatsanta na bi da shi kan takardar, na ce kowane gida ɗaya a nan taku ɗaya ne na ƙafarta, ba tawa ba, ba ta kowa ba. Bakin ƙofarta shi ne cibiya. Duk inda muka sauka za a gina mata shi yadda yake, randa a inda randa take, matakala a inda matakala take. Sai ta tambaye ni.

"Ko taku ɗaya ba zai ƙaru ba, ba zai ragu ba?"

"Wallahi, Kaka..."

"Kada ki rantse. Faɗa mini kawai."

"Ba zai ƙaru ba, ba zai ragu ba."

Kwana uku muka yi muna aunawa, kuma duk tsawon rayuwata ban yi kwana ukun da na fi so kamar su ba, ko da yake gidan kamar na makoki yake. Tana gaba tana ƙirga da ƙarfi, ina baya da fensir ina sa ɗigo. Randa, shida da huɗu. Murhu, takwas da biyu. Ba ta bar lungu ko ɗaya ba, kuma kowane lungu da labarinsa. Nan ne uwarta take shanya daddawa, nan ne Baba ya faɗi ya fasa haɓa, nan ne ubanta ya yi rigima da maƙwabci a kan kwata har ya haƙura ya karkatar da katangarsa. Na ce mata a can ai babu kwata, sai a miƙe katangar. Ta ce in na miƙe ta to in zauna a gidan ni kaɗai. Haka ta ce game da matakalar ma. Da muka gama na yanko kara daidai tsawon takunta na ɗaure shi da takardar. Baba kuwa ya ɗauko guduma ya cire ƙyauren ɗakinta, wani tsohon katako da hannunta ya goge har yana sheƙi, ya ɗaure shi a saman lori. Mame Afuwa ta bi motar da gudu har bakin titi tana kuka, ta jefo mana ƙunshin soyayyar ayaba ta taga.

Ba zan ba ku labarin hanya ba, wannan wani babi ne. Mun isa Jega wajen dangin kakan Baba, mutanen da ba mu taɓa gani ba. Sun karɓe mu, Allah ya saka musu, har babbansu Kawu Mamman ya ba Baba fili a gefen gari. Amma abin da Kaka ta ji tsoro shi ya same ta. Wata huɗu tana zaune a ɗakin mutane kamar kayan ajiya. Ta rage shan ruwa don kada ta nemi a kai ta bayan gida. In na kama hannunta zan ja ta, ina jin yadda take ƙanƙame jikinta don kunya. Abin da kawai take tambayata kullum shi ne, takardar tana nan? In ce tana nan.

Ranar da za a fitar da harsashi, maza suka taru a filin. Audu Dogo magini ya karɓi karan da takardar, na yi masa bayani, ya gane nan da nan. Ya kafa turke a cibiya, ya bi lambobin yana kafa turaku yana zagaya su da igiya, bai kauce ko kaɗan ba. Da ya gama, gidanmu na Kumasi ya fito a ƙasa, ɗan mitsitsi a tsakiyar wannan makeken fili. A Zongo kowa a matse yake, ba mu taɓa sanin gidanmu ƙarami ba ne sai ranar. Wani daga cikin dangi ya tuntsire da dariya.

"Wannan gida ne ko akurki? Ashe haka kuke zaune a Ganar da ake ta ba mu labari?"

Sauran suka taya shi. Ba da mugunta suka yi ba, amma na ga fuskar Baba. Mutumin da ya bar rumfarsa da abokansa da kabarin ubansa, yana cin tuwon wasu wata huɗu, yau kuma ana yi wa gidan da aka haife shi dariya. Ya ja ni gefe ya yi ƙasa da murya.

"Abu, takardar nan taki, tana iya ƙara masa girma ba tare da ya canza ba?"

Ku lura da kyau, domin nan ne maganar take. Baba bai yi boko ba. Shi a ganinsa in gida bai canza siffa ba, to Innarsa za ta gane shi, har ma ta ji daɗin sarari. Ni ce na san abin da zai faru da takunta. Na sani sarai, alkawarin yana kunnena a lokacin. Amma ga tausayin ubana, ga kuma maza ashirin sun zuba mini ido, 'yar Gana mai karatun boko. Na ce tana iyawa mana. Na durƙusa a kan gwiwata na ninka kowace lamba da ɗaya da rabi, shida ta zama tara, huɗu ta zama shida, takwas ta zama sha biyu. Audu ya bi yana ciro turaku yana matsar da su waje, duka sai na cibiya. Gidan ya buɗe a gaban idonsu kamar fure, siffarsa tana nan. Mai dariyar nan ya riƙe baki yana salati. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji har cikin ƙashina. Audu ne kaɗai ya dube ni ya ce rufin fa zai ci azara fiye da ninki biyu, ba rabi kawai zai ƙaru ba. Gaskiyarsa, haka ticha ma ya koya mana, kuma sai da aka kai ga rufin aka sha wuya. Na ce wa zuciyata Kaka za ta saba, ai ɗan ƙari ne.

An gama gini ana saura kaɗan ruwa ya sauka. Da hantsi muka kawo ta. Na kai ta har bakin ɗakinta na ɗora hannunta a kan ƙyauren. Ta shafa shi sama da ƙasa, ta sami gurbin da yatsunta suka saba, na ga haƙoranta a waje karo na farko tun Kumasi. Ta ture hannuna. Ta gyara zani, ta juya gabas, ta fara ƙirga da ƙarfi don kowa ya ji. Shida. Ta juya. Huɗu. Ta miƙa hannu da ƙarfin zuciya irin na mai gida, hannun ya faɗa cikin iska. Ta lalubi dama, ta lalubi hagu. Randar tana can gabanta cike da ruwa, duk muna kallonta, babu wanda ya iya motsi. Ta daɗe a tsaye da hannu a miƙe, sannan ta sauke shi a hankali.

"Uwata, mayar da ni ɗaki."

Kwana huɗu ba ta fito ba. Dangi suka yanke hukunci da kansu cewa Audu ne ya auna da dogayen ƙafafunsa. Baba ya rasa inda zai sa kansa, yana cewa zai rushe a sake, alhali ga hadari yana haɗuwa kullum da yamma kuma ba shi da abin sake ɗora ko tubali ɗaya. Ni kuwa abinci ya ƙi shiga. A rana ta biyar bayan azahar na shiga na same ta a kan buzu tana jan carbi. Na zauna a ƙafafunta na faɗa mata komai, dariyar da aka yi, da tambayar Baba, da daɗin da na ji. Ban rage komai ba. Na jira zagi, ina ma fatan ta dake ni.

"Ko'ina kika ƙara?" in ji ta.

"Ko'ina."

"Daidai wa daida? Ba ki cuci wani lungu kin fifita wani ba?"

"Daidai wa daida. Duk taku biyu sun zama uku."

Ta ajiye carbin. "To kama ni mu gani."

Muka fita ina riƙe da ita. Tara, muka juya, shida, ga murfin randa a ƙarƙashin tafinta. Ta buɗe ta sha moɗa guda cur, ta farko da ta sha da son ranta tun da muka baro Kumasi. Muka wuce murhu, muka hau matakala biyun da babu dalilinsu, ta ɗora hannu a katanga tana bi. Da muka zo inda katangar ta karkace don ta kauce wa kwatar da muka baro a wata ƙasa, sai ta tsaya. Na zaci kuka take, kuma kukan ne, amma da dariya a ciki.

"Ja'ira," ta ce. "Ai haka yake. Haka gidan nan yake ranar da aka sauke ni daga kan jaki. Tsakar gidan nan ba ta ƙarewa, in na tashi daga ɗaki sai na yi gudu kafin in kai randa. Na ɗauka girma na yi, ashe gidan ne ya yi ta matsewa. Kin mayar da ni yarinya a gidan ubana."

A wurin ta ce kada in gaya wa kowa. Ta ce mutumin nan, wato Baba, ya rasa komai, a bar masa girman gidansa, kada ya san shi ya jawo. Audu kuwa ita da kanta ta aika aka kira shi ta ba shi goro ta roƙe shi ya ɗauki laifin, ya yi dariya ya ce ƙafafunsa sun ɗauki abin da ya fi wannan. Amma kada ku ɗauka an tashi lafiya ƙalau. Abin da ke kusa da ɗakinta ya dawo hannunta, abin da ke nesa ya tafi ke nan. Ƙofar gida da take taku ashirin da shida a Kumasi ta koma talatin da tara, gwiwoyinta kuma ba na 'yar shekara shida ba ne. Ta gwada sau biyu ta haƙura. Damina uku ta yi a gidan kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma ba ta sake zama a ƙofa ta amsa gaisuwar kowa ba. Wannan ni na ƙwace mata, da fensir, don maza su yi mini salati. Ta yafe mini tun a ranar, ni ce dai har yau ban gama da kaina ba.

Ranar dai, da muka juyo daga karkatacciyar katangar za mu koma, na ƙara riƙe ta da kyau saboda matakala. Sai ta tsaya ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya daga hannunta, kamar yadda yaro yake yi in ya ga ya isa.

"Sake ni, Uwata," ta ce. "Tsaya nan ki gani. Na san hanya."